Safa a Kan Igiya

Litinin, 6 ga Oktoba

Sha tara cikin ɗari. A Turanci. 'Yar da na haifa.

A tsaye na karanta takardar a bakin ƙofa, ko mayafi ban cire ba. Sai da na miƙar da hannu can nesa kafin na gane lambar, don masu buga takardun makarantar nan rowar tawada gare su, komai ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. A ƙasa Malamar Turanci ta ƙara da jan biro: za a sake wa waɗanda suka faɗi gwaji ranar shida ga watan gobe, wanda ya sake faɗuwa zai maimaita aji.

Gimbiya tana raɓe da bango tana murza bakin riga. Ubanta ne ya laƙaba mata wannan suna tun tana goye, ni ban taɓa yarda da shi ba, ga shi ya bi ta har cikin hali. Shekara sha huɗu, ta fi ni tsawo, amma ta buɗe baki ta ce ga dalili, ina!

Da uban ya dawo daga tuƙi na ajiye masa takardar kusa da kwano. Ya duba, ya ci gaba da cin abincinsa. Can ya ce, "In ta maimaita, sai ta koma shagon Gwaggonta. Ɗinki ma sana'a ce." Na ce ba a gidan nan ba. Ya ce shi dai ba zai zuba ido yarinya ta shekara biyu a kujera ɗaya ƙanana suna yi mata dariya ba. Mutumin nan ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma in ya faɗi magana ta zauna.

Ni ce ta ɗaya a Turanci shekara uku a jere a sakandare. Da ba don ciwon Baba ba, Allah kaɗai ya san inda zan kai. Yau ina duba lambobin kaya a gidan wanki da guga, ban raina abincina ba. Amma 'yata ba za ta bar makaranta a kan harshen da ke cikin kaina ba.

Wata guda. Ni zan koya mata.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na zauna da takardar gwajin a gaban taga. Duk ɓarnar a wuri guda take: wakilin suna da kalmomin nuni. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko tambayoyin ba ta kwafa daidai ba. Malama tana rubutawa a allo, yara su kwafa su amsa. Ita nan ta tsallake kalma, can ta haɗa layi biyu ya zama ɗaya. Wanda ya kasa kwafar abin da ke gabansa ba rashin ƙwaƙwalwa ke damunsa ba, lalaci ne. Na gaya mata haka. Ta ce, "To, Mama."

Wannan "To, Mama" ɗin ya fi zagi ciwo.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mun fara, yadda tsohuwar malamarmu ta koya mana, Allah ya ji ƙanta. Ba hoto, ba waƙe-waƙen da suke yi yanzu.

Na shimfiɗa tabarma a bakin ɗaki bayan la'asar. A gabanta cokula, kofuna, takalma. Can ƙarshen tsakar gida, taku ashirin da ɗaya na ƙirga, igiyar shanya. A kanta nake rataya safar ubanta, wani lokaci ƙafa ɗaya, wani lokaci biyu ko uku. Na ce mata kalma huɗu ce kacal. Na kusa in ɗaya ne this, in da yawa these. Na nesa in ɗaya ne that, in da yawa those. In na nuna, ta faɗi jimla cikakkiya. Kowane kuskure, ta rubuta daidai ɗinsa sau ashirin.

Na kusa duk ta ci. Cokali, cokula, kofi, kofuna, kamar ruwa. Har na fara jin sanyi a raina.

Da aka zo igiya sai ta tsuke ido, ta turo wuya gaba kamar kaza, sannan ta faɗi abin da ya zo bakinta. Na rataya ɗaya ta ce da yawa. Na rataya uku ta ce ɗaya. Huɗu ta ci cikin goma.

Ta san dokar, tunda ta ci na kusa. Ke nan da gangan ne. So take in gaji in ƙyale ta. Ba ta san wadda ta haife ta ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Biyar cikin goma. Layi ɗari. Na hana ta zuwa gidan ƙawarta.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yaya, babbar 'yar'uwata, ta zo da ƙorafi, ko ruwa ba ta sha ba. Wai jiya ta hango Gimbiya a tsallaken titi wajen mai kayan miya, ta ɗaga mata hannu har sau biyu, yarinya ta kalle ta ido cikin ido ta ɗauke kai. "Ni da na yi mata wankan jarirai! Ko don ba ni da boko ne?"

Na kira ta gaban Yaya. Ta ce, "Wallahi ban gan ta ba."

Na ce Yaya ce ba a gani? Mace mai cika ƙofa, cikin riga ruwan ɗorawa, da rana tsaka? Yaya ta ce in bar maganar cika ƙofa, ba ita ta kawo ta ba. Na sa yarinyar ta durƙusa ta ba da haƙuri. Na yi mata nasiha mai tsawo a kan girman kai: wanda ya fara raina na gaba da shi yana sha huɗu, a ashirin uwarsa zai raina. Ta yi kuka. Kuka ba ya ba ni tsoro, ni ma na yi nawa a lokacina, ga ni ban mutu ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau wakilin suna. Na fitar da kujera bakin ƙofar gida, duk wanda ya ɓullo daga kwanar layi in nuna da haɓa, ita kuma ta ce he, ko she, ko they. Da yatsa ba a nuna mutum, ko a darasi.

Tsohuwar gidan kusa da famfo ta ɓullo da bokitinta. Gimbiya ta ce he. Ubanta yana wanke ƙafa a gefe, ya tuntsire da dariya har buta ta faɗi. "Ai da gaskiyarta, tsohuwar nan ta fi maza uku faɗa." Na ce masa in ba zai taimaka ba ya shiga ciki. Da irin wannan dariyar ake lalata yaro.

A wajen aiki ma ba daɗi. Na haɗa zannuwan gadon wani otal da na wani, sai da direba ya dawo da su. Manaja ya kira ni ofis, a gaban 'yan guga. Na gaya masa gaskiya: tun da ya sayo sabon injin buga lamba, uku da takwas ba su da bambanci. Shekara sha ɗaya ina aikin nan ba a taɓa dawo da kaya ta dalilina ba. A gyara inji.

Juma'a, 17 ga Oktoba



An aiko in je makaranta. Na nemi izini a wajen aiki na tafi. Ɗakin malamai, tebur shida, fanka ɗaya mai kuka. Malamar Turanci yarinya ce, na girme ta da shekara ashirin ko fiye, wuyan rigarta ko guga bai gani ba. Ta ce jiya a aikin aji ta kama Gimbiya tana leƙa littafin ta kusa da ita, kuma ba yau farau ba.

Satar amsa. A gidana. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ta ƙara da cewa, "Amma Mama, na lura ba amsa take kwafa ba, tambaya take kwafa. A layin baya take zama saboda tsayinta. Kun taɓa kai ta a duba idonta?"

Nan jinina ya hau. Wato yarinya ta yi laifi, maimakon a hore ta sai a nemo mata ciwo. Haka suke yanzu, kowane rashin tarbiyya da sunan cutarsa. Na tambaye ta ko ta taɓa haihuwa. Ta ce a'a. Na ce to ni na haifa, na yi goyo, na san idon 'yata tun ranar da ta buɗe shi. A zuriyarmu kaf babu mai ciwon ido, kakata ta kai casa'in tana tsince tsakuwa a shinkafa. Na ce da tana koyarwa yadda ya kamata da ba ni ke zaman tabarma kullum ina yi mata aikinta ba. Da ƙarfi na faɗa. Sauran malaman duk suka sunkuyar da kai kan littattafansu.

Ba ta rama ba. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Mama." Na fito.

Na san inda maganar ta samo asali. Bara da aka yi wa ƙawarta tabarau, Gimbiya ta zo tana lanƙwasa murya wai ita ma allo yana yi mata hazo. Na ce mata yanga ce, gobe kuma in ƙawar ta karye a ƙafa sai ki ce a saya miki sanda. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ashe wajen Malama ta kai.

Ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na ba Gimbiya sabon littafi mai bangon kore. "Ba zan ƙara leƙa littafin wani ba," sau ɗari biyu, da Hausa, don ya shiga jikinta. Ta gama kafin magariba. Rubutun nan nata ƙanana kamar jerin tururuwa, hanci a kan takarda take yi. Na bi da yatsa na ƙirga layukan, sun cika. Na jefa shi saman kabad.

Gwaggonta ta zo da yamma, wai wucewa take. Wucewa da tef ɗin awo a wuya. Ina fama da allura zan ɗinke maɓallin rigar ubanta, zaren ya ƙi shiga, alluran yanzu ba su da ido. Gimbiya ta karɓa, sau ɗaya ta zura. Gwaggo ta tafa hannu. "Kai! Wannan hannun ai na keke ne. A ba ni ita wata shida ku ga abin mamaki."

Na ce mata hannun na biro ne. Ta ce, "Allah ya sa, matar yaya." Da wata irin murya.

Litinin, 20 ga Oktoba

Bakwai cikin goma a igiya. To.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Tara cikin goma jiya, goma cif yau. Ta daina tsuke idon nan ma, ni take kallo, ta amsa kai tsaye.

Ina masu cewa ciwon ido? Horo ne ya yi ƙaranci, da aka ƙara ga shi ido ya buɗe. Ji nake kamar in ɗauki tabarmar da igiyar in kai ɗakin malamai in shimfiɗa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na sa ubanta ya zauna ya gani da idonsa. Sha biyar a jere ba kuskure. Ya ce, "Sannu da aiki, Malama babba. Yanzu a sakar mini safata, ƙafata ta fara kaushi." Na ce ya je ya gaya wa ƙanwarsa ta nemi wata 'yar koyo.

Yarinyar ba ta yi murna ba. Ko murmushi. Wannan kuma halinta ne.

Talata, 28 ga Oktoba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Da safe kafin in fita na rataya safa ƙafa biyu a igiya don darasin yamma. Na dawo a gajiye, injin busarwa ya lalace mun yini muna shanya da hannu. Na zube a tabarma, bayana ga igiya, ban ko waiwaya ba. Muka yi cokula da kofuna. Sannan na nuna baya ta kan kafaɗata.

Ta ce, "Those are socks."

Na ce madalla.

Sai ga ubanta ya fito daga ɗaki yana ɗaura agogo, yau aikin yamma gare shi. Ya ce, "Wace safa kuma? Ga ta a ƙafata tun azahar." Ya ɗaga wando ya nuna, yana dariya.

Na waiwaya. Igiya wayam. Ko zare babu a kanta.

Dariyar tasa ta tsaya. Na juyo na kalle ta, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗago. Me ke kan igiyar can?"

Ta ci gaba da kallon tabarma.

"Magana nake miki."

Ta ce, "Mama, ni igiyar ma ba na ganinta. Bango nake gani, fari-fari."

Na ce to yaya aka yi take cin goma cikin goma? Muryarta can ƙasa. Ta ce hannuna take kallo. Wai in safa ɗaya ce da yatsa ɗaya nake nunawa, in da yawa ne sai in buɗe hannu gaba ɗaya. Ta gano haka tun ranar Litinin waccan.

Na kalli hannuna. A buɗe yake.

Uban ya matso. Ya dafa kanta, ya ɗauki makullinsa ya fita. Da ya yi faɗa da ya fi mini.

Na naɗe tabarmar. Na ce ta je ta ɗora ruwa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Yaudara ce dai, ko ta wane gefe aka duba. Kwana tara tana karanta hannuna tana barina ina yabon kaina a gaban mutane. Yaron kirki ba ya yi wa uwarsa haka.

Kuma me ya hana ta faɗa? Baki gare ta. Ta ce ta faɗa bara. Sau ɗaya, kuma a lokacin da ƙawarta ta yi sabon tabarau, wa zai ɗauka da gaske? Sau ɗaya ba faɗa ba ne. Da ta nace da na ji.

Maganar Yaya a titi. Da tsohuwar famfo. Ban son tunawa.

Zan kai ta asibitin ido ranar Asabar. Ba don Malama ta faɗa ba. Don a san gaskiya ne, kowa ya huta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Layi tun daga bakin ƙofa, sai wajen sha ɗaya muka shiga. Ɗaki dogo, kujera a wannan ƙarshen, allon haruffa a wancan. Mai duba idon dattijo ne mai sanyin magana. Ya rufe mata ido ɗaya ya ce ta karanta.

Na saman kawai ta iya, ƙaton nan da ko daga titi za a gani. Layi na biyu ta fara cinta-cinta. Ni daga inda nake tsaye har na ƙasan ƙasa ina karantawa a zuciyata, sai da na cije leɓe kada in faɗa mata.

Ya sa mata wani ƙarfe a fuska yana canza gilasai. Can sai na ji ta ce, "Laa!" Ta karanto har layi na bakwai ba tsayawa.

Ya tambaye ni tun yaushe take haka. Na ce kwanan nan ne muka lura. Ya ce wannan ya kai shekara biyu ko uku. Bai kalle ni ba da ya faɗa, rubutu yake. Allah ya saka masa.

Matsalar: sai an yanko gilashin, kwana goma. Gwaji ranar Alhamis ne. Na ce a taimaka a gaggauta, ya ce ba a hannunsa yake ba. Ya ce a roƙi malamarta ta dawo da ita gaba, ko a ba ta tambayoyin a takarda.

A roƙi malamarta.

Da ya miƙo mini takardar karɓa na miƙar da hannu ina dubawa, sai ya ce, "Mama, ke ma zauna mana in duba ki, minti biyu ne." Na ce ni lafiyata ƙalau, rubutunsa ne irin na likitoci. Ya yi murmushi. Ban ga abin murmushi ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Uban ya ce shi zai je makarantar. Na ce a'a. Ya ce to in je. Na ce ba zan je in tsaya gaban yarinyar da na girma da shekara ashirin ina murza hannu ba. Ya ce, "To zaɓi ɗaya, Malama. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Maganata ta shago kuma tana nan, ban janye ba. In ta zauna a baya ranar Alhamis kin san abin da zai fito."

Na san abin da zai fito.

Gimbiya da kanta za ta iya gaya wa Malama. Na ce mata haka. Ta ce tun ranar da na je makarantar ba ta iya haɗa ido da ita.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ban je ba. Aiki ya yi yawa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na kai har bakin ƙofar makaranta. Mai gadi ya ce in shiga. Na ce wucewa nake.

Da na dawo na tarar Gwaggo ta aiko da saƙo, wai ta sa an gyara ƙaramin keken da ke kusa da taga, yana jiran mai shi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na je.

Ba haƙuri na je bayarwa ba, takardar likita na kai. A ɗakin malaman nan dai, mutanen nan dai, fankar nan dai. Na so in same ta ita kaɗai, Allah bai yi ba. Da suka gan ni kowa ya gyara zama, wani har ya ajiye shayinsa.

Na ajiye takardar a teburinta. Ta karanta. Na jira ta ce ai na faɗa miki. Da ta faɗa da na san abin da zan mayar, tun a hanya na shirya shi. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi da aka gano. Zauna mana, Mama."

Ban zauna ba. Na ce gobe a sa ta a gaba. Ta ce za ta yi abin da ya fi haka, za ta rubuta mata tambayoyin a takarda da hannunta, ta gaya wa shugaban makaranta dalili. Ta ce yarinyar tana da kai, in aka yi magana da baki a aji ita ke fara amsawa. Ban san haka ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Na juya zan fita, sai na tsaya. Na ce, yadda duk za su ji, maganar ranar nan ta yi tsauri, kuma ba a wurin da ya dace aka yi ta ba. Ban ce wa ya yi ta ba. Ta ce, "Ya wuce, Mama. Uwa ce ke."

Na ce mata in tana so ta riƙa aiko da rigunanta wajen aikinmu, wuyan riga da ruwa kaɗan ake danne shi kafin a sa dutsen guga. Ta taɓa wuyan rigarta ta yi dariya. Mai shayin ma ya yi.

Shi ke nan. Ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Gimbiya ta ce ta amsa duka. Na ce a bari a ga sakamako, baki ba ya cin gwaji.

Talata, 11 ga Nuwamba

An karɓo tabarau. Baƙin firam, mara ado, ni na zaɓa.

Tun daga asibiti har gida ba ta rufe baki ba, yarinyar da sai an matsa take magana. Ta karanta mini allon kowane shago. Wai ashe ganyen bishiya ɗaya-ɗaya ake ganinsa daga ƙasa. Ta hango tsohuwar famfo tun daga kwana ta gaishe ta da ƙarfi har tsohuwar ta tsorata.

Da muka shiga gida ta tsaya a bakin ɗaki ta kalli ƙarshen tsakar gida. Ta ce, "Ashe igiyar shuɗiya ce."

Na je kwashe shanya, ta ƙwalo daga can: "Mama, ashe kina da furfura!" Na ce ita ta sa mini, kuma in tabarau rashin kunya zai koya mata gobe in mayar da shi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Sittin da ɗaya. Ba za ta maimaita ba.

Ba wani abin a zo a gani ba ne, ni ban taɓa sauka ƙasa da tamanin ba. Na gaya mata. Uban ya ɗaga ta sama kamar 'yar yaye har tabaran ya kusa faɗuwa. Ya ce zai biya ta shago ya gaya wa Gwaggo. Na ce ya bari, ni zan je da kaina. Da takardar a hannu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Jiya na koma wajen dattijon nan. Saboda aiki ne kawai, Manaja ya ƙi gyara injinsa, ni kuma ba zan bari a sake kirana ofis ba. Nawa ba sai an yanko ba, a take ya ba ni. A jaka zai zauna, ba mai ganina da shi a titi.

Uku da takwas sun bambanta, ashe.

Yau da hantsi ina share saman kabad littafin nan mai bangon kore ya faɗo. Gimbiya tana wajen Yaya, na aike ta ta kai mata gaisuwa. Na ce bari in gwada tabaran a kan tururuwar nan tata.

Rubutunta yana da kyau. Ban taɓa sani ba.

Ba zan ƙara leƙa littafin wani ba. Ba zan ƙara leƙa littafin wani ba. Na bi har shafi na uku. A layi na sittin da huɗu ba haka ta rubuta ba. Ta rubuta: Mama wallahi ba na ganin allo. Sannan ta ci gaba da na horon. A na ɗari da goma ta sake. A na ƙarshe ta sake, ta ja layi a ƙarƙashi.

Ranar nan da yatsa na bi na ƙirga. Sun cika ɗari biyu, na ce.

Na daɗe a zaune. Ruwan da na ɗora ya ƙone.

Ba wayo ba ne a ɓoye magana a inda ba za a gani ba, wannan zan gaya mata wata rana. Ba yau ba. Littafin na sa shi ƙasan akwatina.

Da ta dawo ina ɗinke aljihun ubanta. Na riga na zura zaren da kaina, sau ɗaya ya shiga. Da na ji motsinta a ƙofa na cire tabaran na tura ƙarƙashin matashi, na zare zaren.

Na ce, "Gimbiya, zo ki zura mini. Zauna nan kusa."